Na ɗaga hannu, aka kafa turaku a kan murucin yayata

Malam Zakariya'u,

Ka taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zai kai ni gidan kaso. Yau kwana tara zuciyata na tafasa, kuma duk wanda zan kai wa kuka a garin nan, ko dai yana cikin waɗanda suka ɓata min rai, ko yana cikin waɗanda na ɓata wa. Jaridarku direbobi ke shigo mana da ita ta Kamba, wani lokaci an naɗe goro da ita, amma filinka ba ya wuce ni. Ban sa sunana ba. Wanda ya san Gaya zai gane ni ko ban sa ba, wannan kuma ruwansa.

Ni mai masauki ne, haka ubana. Fatake su sauka, mu ba su ɗaki da ruwa, mu haɗa su da masu saye, mu nema musu jirgin fito zuwa Malanbil, a ƙetaren kogi. Saboda haka kada wani ya ce ina ƙin baƙi, da baƙo na ci na girma. Amma abin da ke shigowa Gaya tun da aka fara aikin gadar nan ta kan kogi ya wuce baƙunci. Manyan motocin gyaɗa, leburori, makanikai 'yan Dahomai, masu tuwo, masu gyaran taya, kowa da matarsa da akuyarsa. Gidana ɗaki bakwai ne, yanzu mutum arba'in da ɗaya ke kwana a ciki, shadda kuma ɗaya ce. Rijiyar unguwarmu ta soma wani ɗanɗano da ba zan rubuta a takarda ba. Wanda ya sauka jiya ko fofo, wato sannu, ba zai ce maka ba, zai ratsa ta gabanka ya kafa bukka a hanyar da matanmu ke bi zuwa kogi, in ka yi magana ya dube ka kamar kai ne baƙon. Na gaji, Malam, kowa ma ya gaji.

Ana cikin haka kumandan, Baturen mulkinmu, ya tara majalisar manyan gari. Ina cikinta, domin sarki ya ce a sa mai masauki ɗaya tunda mu muka san baƙi. An kawo wani mai awon ƙasa daga Yamai da babbar takarda, aka ce za a yanka sabuwar unguwa mai miƙaƙƙun tituna, da tashar mota. Wuri biyu aka nuna. Ɗaya Tudun Giginya, nan kusa, tsakanin gari da bakin gada. Ɗayan kuma fakon da ke kan hanyar Doso, mai nisa, mai marmara, babu ruwa. Kumandan ya tambaya ta bakin tafintansa Cha'ibu, har sau uku, ko akwai gonar wani a Tudun Giginya. Dattijonmu Alfari ya ce tun yana yaro bai taɓa ganin karan gero a wurin ba. Mu goma sha biyu ne, duk maza, kowa ya gyaɗa kai. Da aka ce wanda ya yarda a yanka unguwar a tudun ya ɗaga hannu, nawa ne ya riga na kowa tashi.

Kai da kake birni, wataƙila muruci dafaffe kawai ka sani, a kan faifan mai talla. Bari in gaya maka yadda ake samunsa. In 'ya'yan giginya suka nuna suka faɗo, mata ke tsince su. Da ruwan farko su haƙa ƙasa ba zurfi, su jera ƙwallayen, su rufe. Shi ke nan. Ba shinge, ba kunya irin ta gona, ba alama. Wata shida ko bakwai ba abin da ido zai gani sai ciyawa, alhali a ƙarƙashi kowane ƙwallo na tura farin tsiro, shi ne murucin. Kowace mace ta san iyakar wurinta da idonta, daga gindin wannan giginya zuwa wancan gidan tururuwa, ba su taɓa kai ƙara gaban alƙali a kan haka ba. Kuma suna da wata al'ada: in lokacin tono ya yi, ba a tone wuri duka. Kowace sai ta bar 'yan ƙwallaye a ƙasa, suna ce masa rabon ƙasa. Waɗannan ne ke zama itace. Giginyoyin nan da muke alfahari da su, waɗanda matafiyi ke hangowa ya san ya iso Gaya, waɗanda muke sare mazansu mu yi azarar rufin ɗaki, mu maza muna cewa Allah ne ya shuka. Allah ne ya raya, amma kakanninmu mata ne suka binne.

To mai awo ya zo wata biyu bayan binnewa. Ya ga ciyawa da dogayen itatuwa, ya rubuta wuri ba mai shi. Shi ban ga laifinsa sosai ba, a Yamai ya tashi. Ni fa? Uwarmu ta rasu ina da shekara uku. Yayata Bibata ce ta goya ni, kuma da muruci ta goya ni. Da shi aka yi min rigar kaciya, da shi aka kai ni makarantar allo. Ni da kaina na sha ɗaukar kwandon ƙwallaye a ka zuwa tudun nan har wuyana ya sage. Wallahi, Malam, ban yi ƙarya da gangan ba. An ce gona, sai idona ya ga gero da dawa. Aikin mata bai ko faɗo min a rai ba, haka bai faɗo wa sauran sha ɗayan ba, kuma babu ɗayanmu da bai ci muruci a makon nan ba. Gaskiya ne Cha'ibu ya raɗa min cewa in abin ya tabbata za a ba ni filin kusurwa, daidai bakin tasha, in gina sabon masauki. Amma wannan daga baya ne, ko kusan lokaci ɗaya, ban riƙe ba, kuma ba shi ne maganar ba.

Ran Litinin ta makon jiya aka zo da turakun siminti aka kakkafa. Leburori suka fara share hanyar babban titi, diga na shiga ƙasa sai ga fararen tsirrai na fitowa, ƙanana, ba su kai tsawon yatsa ba. Leburorin ba 'yan nan ba ne, suka yi ta shure su gefe suna dariya, wasu na tambaya ko rogon daji ne. Kafin azahar mata sun cika wurin. Gardi, ɗan sandan kumandan, ya kore su da bulala a hannu, ko da yake bai doki kowa ba.

Da la'asar ina zaune a ƙofar gida cikin baƙina sai ga Yaya Bibata. Ta haura sittin, ƙafarta ɗaya ba ta da lafiya, amma ta taho da kwando a ka. Ta sauke shi a gabana, cike da murucin da aka tono bai isa ba. Tun da aka haife ni Auta take ce min, ko gaban sarki. Ran nan sai ta ce: "Malam ɗan majalisa, ga ɗiyan da hannunka ya tono. Ba su isa ci ba, ba su komawa ƙasa. Ka ba baƙinka, wataƙila su sun san abin da za a yi da su." Ta juya ta tafi, ko kwandon ba ta ɗauka ba. Yana nan a zaure har yanzu, na kasa zubarwa, na kasa mayar mata.

Ina jin haushin kowa, Malam. Ina jin haushin kumandan, da yake son gari ya zama layi-layi kamar barikin soja, har gidajenmu na ƙasa yana cewa sun karkace. Ina jin haushin Alfari, wanda yanzu yake yawo yana cewa shi gero kawai ya ambata, bai ce babu komai ba, kuma wai ni na fara ɗaga hannu. Ina jin haushin Rabo, direban da ya shekara shida yana sauka gidana, na ɗauke shi ɗan'uwa. Na kai masa kuka sai ya ce: "Maigida, ka yi haƙuri, amma ɗiyana uku cikin zaurenka suke kwana da awaki. Ɗaki suke so, ba inuwar giginya ba." Wannan magana ta ƙara min haushi. Ina jin haushin matan nan ma. Shekara da shekaru ba wadda ta iya kafa ko kara ɗaya a ce shinge ne? Kuma ina jin haushin Yaya. Ta san ƙofar ɗakina. Da ta kira ni ciki ta zage ni, ko ta mare ni, da na ɗauka, ta sha yi. Amma a gaban baƙi, a gaban mutanen da nake ci da mutuncina a wurinsu?

Na je gidanta sau biyu in yi mata bayani, cewa garin ya cika, cewa in ba a yanka unguwa ba ciwo zai shigo mana ta rijiya, cewa ba ni kaɗai ba ne. Duka biyun ta aiko a ce tana salla. Yanzu na ji ta aika wa 'yarta Halima a Tanda a share mata ɗaki, wai in aka raba filayen ba za ta ƙara kwana Gaya ba. Na san yayata. In ta haye jaki ta bar garin nan, gawarta ma ba za a dawo da ita ba.

Cha'ibu ya ce takarda ta riga ta tafi Doso, amma ba za a raba filaye ba sai majalisa ta sake zama nan da mako uku. Ya kuma ja min kunne cewa kumandan ba ya son mutum mai magana biyu, wanda ya janye hannunsa zai iya rasa kujerarsa. To ni abin da ke raina shi ne in ɗauki mutanena mu tuge turakun nan kaf, mu zuba su a kogi, kowa ya huta. Ko kuma in yi shiru, in bar tsohuwa ta huce don kanta, tunda gari ba zai tsaya saboda muruci ba. Wanne zan yi? Kada ka ce min in yi haƙuri kawai, an faɗa min har kunnena ya toshe.

Naka,
Wanda ya riga kowa ɗaga hannu, Gaya


Ɗan'uwa,

Ba zan ce ka yi haƙuri ba. Akwai aiki a gabanka, kuma mako uku ba su da yawa.

Fara da cire maganar turaku daga ranka. In ka tuge su, za a kafa wasu cikin kwana biyu, a sa gardi ya tsare. Kai za a rufe, matan kuma a ce su suka zuga ka, daga nan ba mai sake sauraren maganar muruci a ofishin kumandan. Shirun ma ba hanya ba ce. Yayarka ba fushin da ke hucewa take yi ba, kai ma ka faɗa.

Kana da gaskiya a abu ɗaya, kuma kada kunya ta sa ka yar da ita. Garinku ya cika. Mutum arba'in da ɗaya da shadda ɗaya ba ƙaramar magana ba ce, rijiyar da ka ƙi rubuta ɗanɗanonta ita ce za ta fara kashe muku yara. Gada kuwa za a gama ta, jama'a ƙaruwa za su yi. Rabo bai yi maka rashin kunya ba, gaskiya ya faɗa maka, 'ya'yansa na da haƙƙin ɗaki. Dole a yanka unguwa. Abin tambaya shi ne a ina, kuma wa aka tambaya.

Yanzu ga inda ba ka da gaskiya. Na ƙirga mutanen da kake jin haushi: kumandan, Alfari, Rabo, matan gari, yayarka. Mutum ɗaya ya ɓace a jerin, kuma shi ne ya sha ɗaukar kwando zuwa tudun. Kumandan ya tambaye ku sau uku. Ai don irin wannan aka zaunar da ku a majalisa, ku ga abin da takardar mai awo ba ta gani. Kana tambaya me ya hana matan kafa shinge. Ba su kafa ba domin ba su taɓa zaton za su buƙaci kare wurin daga 'ya'yan da suka ciyar da shi ba.

Sai maganar filin kusurwa, wadda ka cusa a tsakiyar wasiƙa ka ce ba ita ce maganar ba. Ita ce, ɗan'uwa. Na yarda ba don shi ka ɗaga hannu ba, amma ka ɗauka cewa yayarka ta ji labarinsa, domin abin da tafinta ya raɗa wa mutum ɗaya ba ya kwana wuri ɗaya. Muddin filin nan na jiranka, duk bayanin da za ka kai mata ba zai shiga ba, kuma duk abin da za ka faɗa a majalisa ba shi da nauyi. Gobe ka je wurin Cha'ibu da shaidu biyu ka ce ba ka so, ko a tudun, ko a wani wuri.

Bayan haka ga abin da nake ganin za ka yi.

Ka nemi sarki tun kafin ranar zama, ka roƙi a fita da majalisa da mai awo zuwa tudun da rana tsaka, tare da matan. Kowace ta tsaya a kan iyakarta. A haƙa wuri ɗaya a gaban mai awo ya ga ƙwallayen a jere da idonsa. Wanda ya rubuta ba mai shi ba zai goge don an yi masa ihu ba, amma zai yi wuya ya ƙi gogewa in ya ga mata hamsin tsaye a kan layinsa, kowace da sunanta.

Kada ka shiga gaban kumandan da kuka kaɗai, ka shiga da wani wuri a hannu. Fakon hanyar Doso ba shi da ruwa, to ku nemi a fara da haƙa rijiya kafin a raba fili, ku kuma masu masauki ku yi alkawarin ba da hannu. Marmara ta fi ɗaukar manyan motoci a kan ƙasar tudu mai laushi, direbobi sun fi ka sanin haka. Ka zauna da Rabo ka tambaye shi da wace azara zai rufe ɗakin da yake so, da wace kuma jikokinsa za su rufe nasu in an kashe wurin da giginya ke haihuwa. In ya gane, ka tafi da shi. Muryar baƙo ɗaya da ke cewa mun yarda da fako ta fi ta 'yan gari goma a kunnen kumandan.

Ranar zama ka miƙe ka ce ka yi kuskure, da bakinka, ba tare da jingina shi ga Alfari ba. Ka gaya musu rabon ƙasa kamar yadda ka gaya min, domin ban taɓa jin wanda ya bayyana shi haka ba. Ka kuma nemi a sa doka a majalisarku cewa ba za a sake yanke magana a kan ƙasa ba sai an aika an tambayi matan da ke aiki a kanta. Wataƙila kumandan ya ɓata rai, wataƙila ka rasa kujerar. Ba zan ɓoye maka ba, wataƙila ma a yi duk wannan a ceci rabin tudun kawai, domin titin gada sai ya bi ta wani wuri, abin da aka riga aka tono kuma ya tafi. Rabi ya fi babu nesa ba kusa ba, kuma kujerar da ba za ka iya faɗin gaskiya a kanta ba, ba ka yi babbar hasara ba in ta tafi.

Game da yayarka, ka daina kai mata bayani. Ta san garin ya cika, ba makauniya ba ce. Ka ce ta kunyata ka gaban baƙi. Ka tuna kai ma a gaban mutane ka ce aikin rayuwarta ba komai ba ne, har aka rubuta aka kai Doso. Abin da aka ɓata a fili, a fili ake gyara shi. Ka ɗauki kwandon nan da kanka, kada ka aiki kowa. Ka cika shi da ƙwallayen giginya, ko a ina za ka samo su, ka ɗora a ka, ka ratsa ta kasuwa da rana kowa na gani, da rigarka ta majalisa. In ka isa aka ce tana salla, ka sauke ka zauna a ƙofa har ta idar. In ta fito, abu ɗaya za ka tambaye ta: "Yaya, ina zan binne?"

Ban yi maka alkawarin za ta ce maka Auta ran nan ba. Amma macen da ta shekara hamsin tana barin rabon ƙasa don itacen da ba za ta sha inuwarsa ba, ba ta cika yanke ƙauna daga abin da ta yi rainonsa ba, kai ma kuwa ita ta raine ka.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya ba ka ƙarfin wuya, ya bar Yaya Bibata a ɗakinta na Gaya.

Malam Zakariya'u